Izinin Tiyatar 'Yar Fari

Tun da asibitoci suka koma hannun na'ura, dokar ɗaya ce: idan bayanin maras lafiya ya canza bayan ka karanta, amincewarka ta tashi a banza.

Da safe na'ura ta nemi izinin Tanimu a yi wa 'yarsa tiyata. Da yake 'yar fari ce, kunya ta hana shi yanke hukunci, ya tafi takanas wajen yayansa Haladu.

"Wannan ma sai ka tambaye ni? Je ka dangwala!" in ji Haladu.

Tanimu ya koma asibiti da gudu, ya dangwala yatsa. Na'urar ta ƙi.

"Baba, sake karantawa," in ji wata nas, idonta a ƙasa.

Sabon bayanin yana tambayar wanda zai karɓi gawa.