Turken Iyaka

"Baffa, yau ƙarya ta ƙare!" Na ɗaga tsohuwar na'urar gano ƙarfe da na sayo wajen ɗan gwanjo. Marigayi Baba ya binne turken ƙarfe a iyakar filinmu da na Baffa, kuma na rantse katangar Baffa ta haye shi.

"Ɗan zaman banza," in ji Baffa, "da sandar tsintar gwangwani za ka rushe min katanga?"

Na bi gindin katangar kaf, maƙwabta na kallo. Na'ura shiru. Baffa ya fizge na'urar, ya faɗa gidanmu da ita. Ba ta yi ƙara ba sai a tsakiyar ɗakin Inna. Aka tona, ga turken.

Baffa ya karkaɗe hannunsa. "Gaya wa uwarka ta kwashe kayanta."