Harshen Sallau

Maganin gyambon ciki ya ƙare a unguwar su Sallau ɗan dako, amma dokar tana nan daram.

Dokar ta ce ba mai shiga kasuwa sai ya zaro harshe a ƙofa. Shi maganin yana hana ƙwayar cutar fitar da dafin da ke cinye bangon ciki, yana kuma baƙanta harshe. In naka baƙi ne, ka sha ke nan, wuce. Da magani ya yi wuya, 'yan dako suka koma lasar shuni da gawayi, abin da in ya kama harshe sai ya kwana biyu bai fita ba. Sallau ma haka ya yi, alhali gyambon gaske ke cin sa.

Ranar da aka kawo magani, ya bi layi dafe da ciki.

"Buɗe baki, Baba," in ji ma'aikaciyar. Ta leƙa. "Ai ka sha naka."

"Shuni ne, 'yar nan."

"Kowa haka yake cewa. Bari ya goge, ka dawo da jan harshe."

"Da jan harshe wa zai bar ni in shiga kasuwa? Ke za ki ciyar min da yara?"

Ta kira na bayansa.

Ya koma ɗaukar buhu. Kafin la'asar ya faɗi a ƙofar kasuwa yana aman jini. Mai gadi ya buɗe bakin gawar, ya duba, ya ce, "Wannan dai bai karya doka ba."