Tambaya Daga Kujerar Baya

Ba a gama tafi ba ta miƙe daga kujerar baya, kowane numfashi na sukar haƙarƙarinta. Yanzun nan Farfesa ya kammala maƙalarsa a taron masana tarihi, kan azabar da mazan ƙarni na sha bakwai suka gana wa matansu, har muryarsa na rawa.

Ta taka har gabansa, ta cire baƙin gilashinta. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Ta tofa haƙori da gudan jini a kan takardunsa.

"Koma ki zauna," ya ce ƙasa-ƙasa, yana dunƙule hannu.

Ta jawo makirufo.

"Maigida, dukan da ka yi mini ɗazu a mota, a wane ƙarni za ka sa shi?"