Nauyin Inna

Tun da aka bar wa na'ura awon man jirgi, ba matuƙin da ke sauka da ragowar ko kofi ɗaya. Ranar da Kyaftin Uwani za ta kai mahaifiyarta Agadas, tsohuwar ta ja ta tsaya a ƙofar jirgi.

"Ke, an yi miki gyara a awon man kuwa? Ko gero na auna, sai na ƙara."

"Inna, na'ura ta auna hanya da iska. Daidai ne."

"In hadari ya tare ki fa?"

Na'urar ta amsa daga bango: "Sai fasinja ɗaya ya fasa tafiya, Hajiya, a zuba mai daidai nauyinsa."

Inna ta ƙura wa bangon ido. Can ta ce a kawo sikeli, ta hau, rungume da jakarta da tsarabarta duka.