Tarwada a Kan Teburin Akawu

Tunda ka ce sai ka cusa keken ɗinki huɗu a shagon da ko tabarma biyu ba zai ɗauka ba, gyara zama in ba ka misalin wani akawu.

Akawun nan mutumin kirki ne, aibinsa guda ɗaya: jinin Sarkawa ne, masu kamun kifi gado da gado, kuma ba ya bari kowa ya manta. Rabonsa da kogi shekara talatin, yanzu ko kwalekwale zai shiga sai an riƙe masa hannu. Amma da an ambaci kifi a ofis sai ya ajiye biro, ya ɗauko labarin giwan ruwan da kakansa ya kama, kifin da ke ƙara tsawo duk ranar da aka ba da labarinsa. Wata rana 'yarsa ta kawo masa tsarabar ɗan akwatin gilashi na kiwon kifin ado, wanda bai fi tukunyar miyar gwauro ba, ta ce ya ɗora a kan tebur ya riƙa kallo yana hutawa. Ya ɗauki akwatin ya nufi wajen wata mata mai sayar da irin waɗannan kifaye. Ta dubi akwatin, ta nuna masa wasu 'yan mitsi-mitsi masu jelar ja da shuɗi, ta ce uku sun ishe shi, don ruwan kaɗan ne, su kuma iyakar girmansu ke nan. Akawu ya ji kamar ta zage shi. Irin waɗannan ai su ne ubansa ke kakkaɓewa daga koma ya mayar wa kogi. A ce jikan Sarkawa ya ajiye abin da ko ƙanshin miya ba zai bayar ba, abokan aiki su zo su gani? Ya karɓi ukun don kada a ce ya tsaya gardama da mace, amma a hanya ya ratse gonar kifi, ya zaɓo ɗan tarwada kamar yatsa, da ɗan gashin bakinsa, ya ce yauwa, ga kifi. Mai gonar ma sai da ya ce masa, "Malam, wannan fa ba ya tsayawa yadda aka same shi." Akawu ya ce, "Ni za ka koya wa kifi?"

Ya zuba su duka a akwati ɗaya. Kwana uku, 'yan ado suka koma biyu. Akawu ya ce ɗayan ya ɓuya a bayan dutse, alhali dutsen bai kai goro ba. Kafin mako ya zagayo, saura gashin baki kaɗai ke kai da komo a cikin gilashi. Tarwada kuwa ba ta san kunya ba: a ba ta ta ci, a hana ta ta daki gilashi. Daga yatsa ta zama kamar rogo, ruwan da 'yarsa ta so ya riƙa kallo ya koma kalar kunun kanwa, ga ƙarni, har masu kawo takarda suka koma miƙowa daga bakin ƙofa. Cikin wata uku ta daina iya juyawa, kanta na gabas, jelarta a lanƙwashe tana neman hanyar sama. Shi ma a ransa ya san ya yi kuskure, abin har tausayi yake ba shi. Amma abokan aiki sun fara tambayarsa ranar farfesu, fitar da ita kuwa tamkar ya ce mai kifin ado ta fi shi sani ne. Don haka da ta fara tsalle, sai ya rufe bakin akwatin da wani fayil mai kauri, ya ci gaba da cika baki. Ranar da asiri zai tonu, shugaban ma'aikata ya shigo da kansa neman wani fayil, cikin farar shadda mai sitaci, ma'aikata na biye da shi. Ya ga fayil a kan gilashi, ya ɗauka shi ne, ya ɗaga. Tarwada ta ga sarari. Ta yi tsalle guda, akwati ya kife a kan takardu, ita kuma ta sauka a gaban rigar shugaba, ta zame ƙasa tana birgima. Ido ya koma kan jikan Sarkawa, yau ga ranarsa. Ya naɗe hannun riga, ya kai cafka, ta suɓuce, ya sake kaiwa, ta kafa masa ƙaya a tafin hannu. Ya ƙwalla ihu, bai san lokacin da ya haye kujera ba. Tsohuwar da ke share ofis ce ta ajiye tsintsiya, ta damƙe ta a bayan kai da hannu ɗaya, ta tambaya ko akwai mai so. Tun daga ranar, giwan ruwan kakansa bai sake zuwa ofis ba, in aka ambaci kifi sai ka ga ya duƙufa a kan rubutu. Da hannu ya warke ya koma wajen matar nan mai kifin ado da sabon akwati, ya tsaya yana sosa ƙeya. Ta ɗauki ɗan rariyarta ta ce, "Uku ko, Malam?" Ya ce uku.

To kai ma je ka auna shagonka kafin ka ɗauko kekunan. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce: daidai ruwa, daidai tsaki.