Batirin Keken Badaru

Ranar da aka zo aka ce mata tirela ta take mijinta Badaru a hanyar Ogbete, Zuliha ba ta nemi direba ba. Keken lantarkinsa ta ɗora wa laifi, don an ce batiri ne ya mutu masa a tsakiyar titi, ga buhun albasa a baya.

Ran sadakar uku, Alhaji Gimba, wanda ya sayar wa mijin nata keken, ya zo ta'aziyya gidan hayarsu na unguwar Asata. Daga bayan labule ta tare shi.

"Riƙe gaisuwarka, Alhaji. Ka sayar masa mataccen batiri, yanzu ka zo cin tuwon sadakarsa?"

"Haba 'yar nan, ki ji tsoron Allah."

"Kai ka ji? Wai kujera mai laushi, ba fetur, ba ƙara. Da zaƙin bakinka ka kashe min miji!"

Alhaji ya sa aka ɗauko batirin, ya jona a gaban jama'a. Nan take ya kama caji.

"Lafiyarsa ƙalau, ba a cika shi ba ne. Ranar ba a kawo wuta ba?"

Zuliha ta san an kawo, na awa biyu. Soket ɗaya ne a ɗakin. Badaru ya jona batirin ya tafi masallaci, ita kuma ta ga zoɓon sayarwarta zai yi tsami, ta zare cajar ta sa firiza. Ba ta mayar ba, ba ta gaya masa ba.

Labulen bai ƙara motsi ba.

Keken ya lanƙwashe, an sayar wa 'yan gwangwan. Amma har yau, da zarar an kawo wuta, batirin take fara jonawa.