Waƙoƙin Haboba

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina. Ta zo mu ji ta.

"Ki ɗauka da wayarki mana," in ji Haboba, kakar Wafa'a. Duk unguwar Alsawra ita kaɗai ta rage da waƙoƙin mahajjatan ƙafa.

"Muryarki ta fi ƙarfin waya, Haboba. Bari jami'armu ta ba ni tallafin bincike, in sayo na'ura ta gaske."

Shekara ta juya, ta sake juyawa, tsufa ya ci tunanin Haboba, sannan tallafi ya fito. Wafa'a ta shigo rungume da kwalin na'ura.

"Haboba, yau sai waƙa."

Tsohuwa ta yi murmushi. "Sannu, baƙuwa. 'Yar gidan wa ce ke?"

Na'ura tana cikin kwalinta har yau. Haboba tana raye. Wafa'a ce ke rera mata rabin waƙar da ta riƙe.